Shekara 45 kofi na zaune a arewacin Sahara: tarihin gasar ƙungiyoyin ƙwallon raga ta Afirka

A shekarar 1980 hukumar ƙwallon raga ta Afirka, wadda ake kira CAVB a taƙaice, ta fara haɗa zakarun ƙungiyoyin maza na ƙasashe daban-daban su kara da juna, kuma Al Ahly ta birnin Alƙahira ce ta ɗauki kofin farko. Daga lokacin zuwa 2025 an buga gasar sau 43. A duk tsawon wannan zamani ƙungiyoyin ƙasashe huɗu ne kacal suka taɓa ɗaga kofin: Masar, Tunisiya, Aljeriya da Libiya. Babu ta Najeriya, babu ta Kamaru, babu ta Kenya. Mu da ke zaune a Moduganari a nan Maiduguri, inda iyakokin ƙasashe uku suka fi Abuja kusa da mu, muna da dalilin tambayar yadda aka yi gasar da aka kafa domin nahiya baki ɗaya ta koma kamar gonar gadon wasu 'yan birane na bakin Bahar Rum.

Wasan kansa ba wani daɗaɗɗe ba ne. Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Holyoke na jihar Massachusetts a Amurka, a ƙarƙashin ƙungiyar YMCA. Yana neman wasan da magidanta za su iya yi ba tare da bangaje-bangajen ƙwallon kwando ba, sai ya ɗaura raga a tsakiya ya raba mutane gida biyu, kowa ya tsaya ɓangarensa. Sojoji da malaman makaranta suka ɗauke shi suka watsa a duniya. A 1947 ƙasashe 14 suka taru a Paris suka kafa hukumar duniya ta FIVB, kuma a cikinsu ƙasar Afirka guda ce tak: Masar. A lokacin saura shekara 13 Najeriya ta sami 'yancin kai. Wannan tazara ta farko ba ƙarama ba ce, domin wanda aka kafa abu da shi, shi ya fi sanin inda ake yanke shawara.

Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Bayan shekara uku, a 1967, aka yi gasar ƙasashen Afirka ta farko a Tunis, masu masaukin baƙi suka lashe. Ita kuwa CAVB sai a 1972 ta tsaya da ƙafafunta, ita ce auta a cikin hukumomin nahiyoyi biyar da ke ƙarƙashin FIVB, kuma ta daɗe da mazauni a Alƙahira.

Dalilin kafa gasar ƙungiyoyi a bayyane yake. Tawagar ƙasa jefi-jefi take haɗuwa, a yi atisayen 'yan makonni, a buga, kowa ya watse. A kulob ɗinsa ne ɗan wasa yake rayuwa kullum, can yake koyo, can yake tsufa. In har ana son wasan ya bunƙasa, dole kulob ɗin da ya gagari kowa a gida ya fita ya ga waɗanda suka fi shi. Masu ƙwallon ƙafa sun riga sun gane haka tun 1964 da suka fara gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka. Sai dai akwai bambanci babba a tsarin, kuma a ganina daga nan ne komai ya samo asali. A ƙwallon ƙafa an saba da gida da waje: ka zo garina, in je garinka. A ƙwallon raga ba a iya ɗaukar wannan nauyi ba. Tikitin jirgi tsakanin ƙasashen Afirka tsada ne da shi, kuɗin ƙofa ba ya biyan ko masauki, masu talla kuma ba su cika waiwayar wasan ba. Sai aka zaɓi hanya mai sauƙi: a tara kowa a birni guda, a yi kwana goma ko mako biyu ana bugawa, a ba da kofi, a watse sai baɗi.

Ko hakan ma da ƙyar aka tashi. Bayan gasar 1980 ba a sake yi ba sai 1983, inda Al Ahly ta sake ɗauka. Daga nan ne abin ya kama hanya, ana yi kowace shekara ba fashi, har zuwa 2020 da annobar korona ta dakatar da shi na shekara guda.

Zamalek, babbar abokiyar hamayyar Al Ahly a Alƙahira, ta ci a 1984 da 1987. CS Sfaxien ta birnin Sfax a Tunisiya ta ci a 1985, 1986 da 1989. Aljeriya ta leƙo da Mouloudia ta birnin Aljiyas a 1988 da NA Hussein Dey a 1990. Sai Club Africain ta Tunis ta riƙe kofin shekara uku a jere, daga 1991 zuwa 1993, Espérance, ita ma ta Tunis, ta karɓa a 1994, Al Ahly ta mayar da martani da nata ukun a jere daga 1995 zuwa 1997. Haka aka yi ta miƙa shi tsakanin Alƙahira da Tunis da Sfax da Sousse, inda Étoile du Sahel ta ci a 2001 da 2002. Zuwa 2024 Al Ahly ta tara kofi 16, Sfaxien shida, Zamalek da Espérance biyar-biyar.

Ba tsawo ne ya ba su wannan fifiko ba, ba kuma ƙarfin damtse ba. Duk wanda ya san samarin Borno da na Cadi ya san ba a fi mu dogaye ba. Abin dubawa shi ne shekarun waɗannan ƙungiyoyi da irin gininsu. An kafa Al Ahly a 1907, shekarar da aka kafa Yerwa, wato Maiduguri. Zamalek 1911, Espérance 1919, Club Africain 1920, Étoile 1925, Sfaxien 1928. Ƙungiyoyi ne na mutanen gari masu rassa da yawa: ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, ƙwallon raga, duk riga ɗaya, suna ɗaya. Suna da mambobi masu biyan kuɗi, suna da rufaffun ɗakunan wasa, suna da ajin yara tun daga 'yan shekara goma. Kuɗin da ƙwallon ƙafa ke kawowa yana taɓa sauran rassan, magoya bayan ƙwallon ƙafa kuma su ne ke cika ɗakin wasa da ganguna ranar da 'yan ƙwallon raga za su buga wasan ƙarshe. Yaron da ya shigo yana ɗan shekara 11, kafin ya kai 20 ya riga ya buga ɗaruruwan wasanni na gaske, da alƙali, da maki, da 'yan kallo.

A kudancin Sahara gini daban ne. Duba sunayen da ke zuwa gasar: Kenya Prisons ta gandirobobi, GSU ta 'yan sandan Kenya, APR ta sojojin Ruwanda, FAP ta sojoji da 'yan sandan Kamaru, AS Douanes ta kwastan ɗin Burkina Faso, sai na ma'aikatun tashar jiragen ruwa irin ta Douala da ta Kenya. A Najeriya ma haka: kwastan, 'yan sanda, sibil difens, sojojin ƙasa da na ruwa, sai 'yan kaɗan na gari ko jiha irin Kano Pillars da Offa ta jihar Kwara. Ba zan raina waɗannan hukumomi ba ko kaɗan. Su ne suka riƙe wasan lokacin da kowa ya juya masa baya, kuma saurayin da ya sami kaki da albashi da fansho ta dalilin ƙwallon raga ya sami abin da zai riƙe iyali da shi. Amma hukuma ɗaukar ƙwararre take yi, ba ta renon yaro. Ba ta da unguwar da za ta fito ta mara mata baya. Kuɗin tafiya gasa yana rataye ne da sa hannun shugaba, in ya kasance mai son wasa a je, in aka canja shi a zauna. Ko a Masar, ƙungiyar sojoji ta Tala'ea El Gaish sau ɗaya ta ci, a 2016.

Kada a ce ƙungiyar ma'aikata ba za ta iya ba har abada. A gasar mata, wadda aka fara a 1986, Kenya Pipeline da Kenya Prisons sun ɗauki kofi sau da dama, ƙungiyar bankin KCB ma ta ci a 2022. Abin da ya bambanta su shi ne makarantun sakandaren 'yan mata na Kenya, irin Lugulu, sun mayar da ƙwallon raga sana'a, suna yaye 'yan wasa duk shekara. Aikin da kulob ke yi a Tunisiya, makaranta ce ke yin sa a can.

Sauye-sauyen dokokin wasa ma sun taimaka wa gasar ta faɗaɗa. A da, sai ɓangaren da ya yi sabis ne ke samun maki, zagaye kuma a 15 yake ƙarewa, don haka wasa ɗaya kan ja har ba a san lokacin tashi ba. A 1998 aka shigo da libero, ɗan wasan baya mai riga daban wanda aikinsa tsaro ne kawai, a 1999 kuma aka koma tsarin da kowace ƙwallo ke da maki, zagaye a 25, na biyar a 15. Da wannan masu shirya gasa suka iya tsara wasanni da yawa a yini guda a ɗaki ɗaya. A shekarun baya-bayan nan an sha samun ƙungiyoyi sama da 20. Daga 2009 kuma, da aka farfaɗo da gasar ƙungiyoyin duniya a Doha, zakaran Afirka ya riƙa samun gurbi: Zamalek ta je a 2009, Al Ahly a 2010 da 2011, Sfaxien a 2013, Espérance a 2014. Dokta Amr Elwani na Masar ne ya shugabanci CAVB a mafi yawan wannan zamani, kafin Bouchra Hajij ta Maroko ta gaje shi a 2020, mace ta farko da ta hau kujerar.

Yadda kakar wasa take a wannan gasa kuwa, yawanci tsakanin Maris da Mayu ake yi. A raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, kowa ya buga da kowa a rukuninsa, sannan a shiga zagayen 'yan falan ɗaya. Wanda aka fitar ba ya komawa gida nan take, sai ya ci gaba da buga wasannin tantance matsayi, don a san na tara da na goma sha biyar. Ga ƙungiyar da ta taso daga Abuja ko Wagadugu, ma'anar wannan ita ce wasa shida ko bakwai a jere a kan dandamali mai santsi da ba ta saba da shi ba, ƙarƙashin fitilu, gaban masu sabis ɗin tsalle da ba ta taɓa karɓar irinsa a gida ba. Kafin hannu ya saba, gasa ta ƙare. Abin da aka koya a kwana goma kuma, in ba a sake gamuwa da irinsa ba har wata goma sha ɗaya, ya tafi. Shi kuwa mai masauki yana kwana a gadonsa, yana cin abincin gida, yana buga wasa a ɗakin da yake atisaye kullum. Kuma tun da masu rufaffun ɗakuna da kuɗin karɓar baƙi su ne na arewa, a can aka fi yin gasar: Alƙahira, Tunis, Sousse, Kelibia, Tarabulus.

Duk da haka akwai shekarun da suka ba ni ƙwarin gwiwa. A 2022 a Kelibia, Al Ahly ta ci kofi kamar yadda aka saba, amma Gisagara, ƙungiyar wata gunduma a kudancin Ruwanda, ta zo ta uku. A 2023 Mouloudia ta Bousalem ta ɗauki kofin, alhali Bousalem ƙaramin garin manoma ne a arewa maso yammacin Tunisiya wanda bai kai Biu yawan jama'a ba. Sai ta 2025, wadda ta fi taɓa ni. An yi ta a watan Afrilu a Misrata ta Libiya, kuma Swehly ta garin ce ta lashe, karon farko ke nan ga wata ƙungiyar Libiya. Misrata birni ne da aka yi wa ƙawanya a yaƙin 2011, aka yi ta ruwan wuta a kansa wata da watanni. Shekara 14 bayan haka ga shi ya sauki baƙi daga ko'ina a nahiyar. Mutumin Maiduguri ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan ke nufi. Mun ga lokacin da ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, El-Kanemi Warriors, ke karɓar wasanninta na gida a Kano da Katsina saboda ba wanda zai zo mana, mun kuma ga ranar da ta dawo, har ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2024.

Najeriya ba ta rasa 'yan wasa ba. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun buga gasar duniya a Tehran a 2021 da Ajantina a 2023, a zamanin shugabancin Injiniya Musa Nimrod a hukumar ƙwallon raga ta ƙasa. Ana kuma buga gasar firimiya ta ƙasa, ita ma a tara kowa ake yi a gari guda, zango-zango. Maƙwabtanmu Kamaru sun nuna cewa arewa ba ta gagari kowa ba, domin tawagarsu ta ci gasar ƙasashen Afirka a 1989, ta sake ci a 2001 a Fatakwal.

In kana son ganin inda 'yan wasa ke fitowa, ka leƙa filin makaranta a unguwa bayan la'asar. Sanduna biyu an kafa su cikin tsofaffin tayoyi da aka cika da siminti, raga an ɗinke ɓulinta da igiyar leda, layin fili an ja shi da ƙafa a kan rairayi. Ba wanda ya auna ko ragar ta kai mita 2.43 da doka ta tanada wa maza. Dogon cikinsu ne ke miƙa hannu a ce ta yi. Ƙwallo ɗaya ce, an yi karo-karo aka saya, in ta faɗa bayan katanga sai wasa ya tsaya. Lokacin hunturu iska kan kwashe ta daga hannun mai ɗagawa, ka ji ƙaramin cikinsu yana cewa, "Yaya, ɗaga mini kusa da raga, iska na ja!" Shi kuma ya ce, "Kai dai ka tashi da wuri, ƙane, zan ajiye maka." Yaron ya yi taku uku, ya tashi daga cikin rairayi mai cin ƙafa, ya sauke duka har ƙura ta tashi. Wanda ya iya wannan tsalle a kan rairayi, ranar da ya taka dandamalin katako abin sai wanda ya gani. Matsalar ita ce daga wannan fili zuwa Misrata babu matakala ko ɗaya a tsakani.

A wasu wurare an gina irin wannan matakala, kuma ba masu arzikin a-zo-a-gani ne suka gina ba. A 2005 ƙungiyoyin Istoniya da Latbiya suka ga kowace ƙasa ita kaɗai ba ta da isassun ƙungiyoyi masu ƙarfi, sai suka haɗa gasa guda ta gida da waje, da farko da sunan kamfanin sufuri na Schenker da ya ɗauki nauyi, daga baya Lituwaniya ta shigo. Daga Tallinn zuwa Riga kilomita 300 ne da 'yan kai, tafiyar bas ce, a je a buga a dawo. Istoniya, mai mutane wajen miliyan 1.3, ta ci gasar lig ta Turai a 2016 da 2018. A tsakiyar Turai ma akwai gasar MEVZA da ke haɗa ƙungiyoyin Ostiriya, Sulobeniya, Kuroshiya da maƙwabtansu, inda ACH Volley ta Sulobeniya ta daɗe tana jan zarenta. Irin waɗannan gasanni ba su maye gurbin babbar gasar nahiya ba. Aikinsu shi ne ba ɗan wasa abokin karawa mai ƙarfi kowane mako, ba sau ɗaya a shekara ba.

Yanzu a dubi taswira daga Maiduguri. Ta Dikwa da Gamboru Ngala, a haye Fotokol zuwa Kousseri, ga N'Djamena nan a tazarar da ba ta kai daga Tallinn zuwa Riga ba. Ta Bama da Banki ana fita Mora da Maroua. Ta Damasak ana shiga Diffa. Abuja kuwa ta haura kilomita 800, Legas ta haura 1,500. Amma a tsarin shiyyoyi bakwai na CAVB, Najeriya da Nijar suna shiyya ta uku tare da Benin, Togo, Gana, Burkina Faso, Kwaddibuwa da Laberiya, yayin da Cadi da Kamaru ke shiyya ta huɗu tare da Gabon da Kwango. Wato a kan takarda ɗan wasan Moduganari abokin shiyyar na Abijan ne, ba na N'Djamena ba, alhali da mutumin N'Djamena yake cin kasuwa ɗaya, da shi yake jin Larabcin Shuwa da Barbarci da Hausa. An zana shiyyoyin ne ana kallon manyan biranen ƙasashe, ba a tuna da mu na bakin iyaka ba.

Na san cikas ɗin ba kaɗan ba ne. Tun 2009 hanyoyin nan suka zama abin tsoro, wasu har yanzu sai da rakiyar sojoji. An rufe iyakar Nijar na wani lokaci bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mu naira, su sefa. Ba zan ce a ɗebi yaran mutane a zuba a mota a bi hanyar da ba ta da aminci saboda wasa ba. Amma inuwar da za a yi magana a ƙarƙashinta tana nan. Hukumar Tafkin Cadi tana aiki tun 1964, Najeriya, Nijar, Cadi da Kamaru ne suka kafa ta. Taron gwamnonin yankin tafkin a Maiduguri aka fara shi a Mayun 2018, a nan kuma aka yi na biyar a Janairun 2025. Gwamnonin da ke zama suna tattauna yadda za a raba samari da zaman banza, ba zai yi musu wuya su ware kuɗin bas da masaukin ƙungiyoyi shida ba, kowace da mutum 14.

Ba sai an fara da gida da waje ba. Ana iya soma zango uku a shekara lokacin rani, ɗaya a Maiduguri, ɗaya a Maroua, ɗaya a N'Djamena, a tara maki a kan tebur guda, Diffa ta shigo idan hanya ta yi kyau. Kafin nan kuma dole Maiduguri ta sami abin da za ta tura: gasar unguwanni da makarantu mai tsayayyen jadawali, Moduganari da Gwange da Bulumkutu da Bolori, da jami'a da kwalejin Ramat, ana bugawa kowace Asabar, da alƙalai masu horo da raga mai cikakken awo, wasan ƙarshe kuma a rufaffen ɗaki. Tun da Kamaru da Cadi wata shiyya ce daban, gayyatar ƙungiyoyinsu sai da amincewar hukumar ƙasa a Abuja da takwarorinta na Yawunde da N'Djamena, kuma masu kula da wasan a jihar Borno ne ya kamata su fara rubuta wannan takarda.